Kambas Mai Shiga Gulbi

Ƙafar mahaifina ba a yi ta don takalmi ba. Ba zagi nake yi ba, haka Allah ya bar ta. Tun yana ɗan yaro yake cikin gulbi da lakar fadama a Argungu, in ba ya wurin su, wato kamun kifi, yana wurin dashen shinkafa, har yatsun suka baje kowanne ya kama gabansa. Babban yatsan ya yi gabas, ƙaramin ya yi yamma, tafin ya yi faɗi ya yi kaushi. Silifa yake sawa in za shi masallaci ko kasuwa, shi ma rabin yatsun a waje suke tafiya.

Ni kuma, 'yarsa ta fari, sai aka jarabce ni da son kambas. Ina koyar da motsa jiki a wata makarantar 'yan mata a Birnin Kebbi, gidana yana Badariya, kuma duk wanda ya san ni ya san raunina. Sauran mata suna tara atamfa da leshi, ni ina tsugune gaban masu gwanjo ina lanƙwasa takalman gudu ina duba ƙasansu. In na sami sarari a ofishin malamai, waya nake buɗewa ina kallon irin abin da masu ƙera takalma suke fitowa da shi a duniya. Akwai wanda aka tsaga masa baki biyu kamar kofaton akuya. Akwai wanda kowane yatsa da nasa ɗaki. Na ga wani da aka huhhuje ƙasansa har in ka leƙa ta wannan gefe kana hango wancan, na ga wanda ba shi da igiya ko ɗaya, sai wani maɓalli da ake murɗawa ya matse ƙafa. Abokan aikina suna cewa wannan duk aikin waɗanda suka ƙoshi ne. Ni dai ba na musu, amma ban daina kallo ba.

Shekarar da ciwon suga ya bayyana a jikin Baba, ni na kawo shi asibiti a Birnin Kebbi, tare da Inna, mahaifiyata. Likitan ya sa ya miƙe ƙafafu, ya ce ya rufe ido, sannan ya ɗauko wani siririn tsinke na roba. Ya ce duk inda ya ji an taɓa shi ya yi magana. Ya taɓa dunduniya, ya taɓa tsakiyar tafi, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya. Baba yana nan da idonsa a rufe, yana jiran a fara. Bai ji ko ɗaya ba.

Bayanin likitan gajere ne. Ƙafar ta daina jin ciwo, don haka ƙaya ko ƙusa za ta iya shiga bai sani ba. Rauni a jikin mai suga ba ya saurin warkewa, in kuma ya zama gyambo ya ci ciki, ƙarshensa yanka. Ya ce lallai ya riƙa tattaki kowace safiya, kuma kada ya ƙara taka ƙasa ba takalmi. Takalmin ma rufaffe, mai laushi, wanda ba ya matsa ko'ina. Na ce a raina, in dai takalmi ne maganin, ai abin ya zo gidan sauƙi.

Na zagaye kasuwa na sayo mafi girman kambas da na samu. Tsawon ya yi har ya wuce, faɗin ne ya ƙi, aka dai tura ƙafar da ƙyar. Mako na zagayowa na je Argungu na tarar da shi a ƙofar ɗaki, an take bayansa ya kwanta ya zama silifa. Ban yi mamaki sosai ba, don haka mazan garinmu suke yi wa kowane rufaffen takalmi. Mutumin da zai yi alwala a kowace salla, ya tuɓe a ƙofar masallaci, ya tuɓe in zai hau tabarma, ya tuɓe in zai gaida na gaba da shi, yaushe zai zauna yana kwance igiya yana ɗaurawa? Sai dai bayan kambas tauri gare shi. Da aka take shi sai ya naɗe ya yi ƙulli daidai ƙarƙashin dunduniya, ainihin abin da likita ya hana. Na ɗauke shi na sa a jakata.

A mota, kan hanyar komawa Birnin Kebbi, na yanke shawara. In har a wata ƙasa an zauna an yi wa kowane yatsa ɗaki don kawai a burge mutane, to za a iya yi wa ƙafar Baba takalmin da ya dace da ita. Abin da ake bukata awo ne, a nan kuma aka sami matsala.

A gidanmu ana kunyar ɗan fari, kunya ta sosai. Baba bai taɓa kiran sunana ba. Ba ya kallona ido cikin ido, in kuma yana da magana da ni, Inna yake gaya wa ko da ina zaune a wurin. Ba ƙiyayya ba ce, na sani, don in aka kama kifi mai kyau, nawa ake fara cirewa a aiko mini har Badariya. Amma tun da na yi wayo hannuna bai taɓa jikinsa ba. Ga kuma ƙari, Baba ba ya yarda a auna shi. Ko riga zai ɗinka, tsohuwar rigarsa yake aika wa tela. Da na sa Inna ta matsa da zare za ta gwada mini ƙafar, janyewa ya yi.

"Ban mutu ba tukuna," in ji shi. "Ranad da anka zo da kara a auna ni, ba ni hanawa."

Karan da ake auna mamaci da shi kafin a haƙa kabari yake nufi. Inna ta naɗe zarenta, ta dube ni, ta ce, "Kin dai ji."

Na ji, amma ban haƙura ba. Akwai wani ɗan dakali na siminti a tsakar gida inda yake alwala, in ya gama yakan taka simintin kafin ya zura silifa. Lokacin bazara ne, sawun ruwa ba ya daɗewa. Na zo da alli daga makaranta na ƙulle a haɓar zane, na zauna a bakin madafa ina taya Inna tsintar shinkafa. Yana fita sallar azahar na ruga na durƙusa ina zagaye sawun da alli, zafi yana cinye shi ta gefe ina binsa. Na farko ya bushe kafin in kai ga yatsu. Sai da la'asar na sami na dama, washegari na sami na hagu. Na ɗora takardar buhun siminti na kwafe zanen, na wanke dakalin tas. Inna tana gefe tana dariya ƙasa-ƙasa.

"Da wata ta leƙo ta gane ki kina ɗibas sawu," ta ce, "cewa za ta yi sammu kika shirin yi ma ubanki."

A bakin titinmu a Badariya akwai wani shumeka da ke zama a gindin dogon yaro. Dattijo ne mai gardamar tsiya, shi ke gyara mini takalmana, kuma bai taɓa karɓar aiki ba tare da ya kushe shi ba. Na shimfiɗa masa takardar a kan akwatinsa. Ya daɗe yana kallo, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa.

"Malama, wagga ƙahwa ta mutum ta?"

"Ta babana ta."

"Allah shi gahwarta man," ya ce. "To, mi kika so a yi mata?"

Na gaya masa. Ya ce shi gyara ya koya, bai koyi ƙirƙira ba. Na ce ni ma gudu na koya, sai mu haɗu mu koyi wannan tare. Muka nemo manyan kambas na gwanjo muka farke, muka haɗa sosonsu har ya ba da faɗin takardar, ya ɗinka saman da yadi mai kauri. Na ɗauka na nufi Argungu ina murna, har ina tsara irin godiyar da za a aiko mini ta bakin Inna. Ƙafar ta shiga rabi ta tsaya. Ashe sawu abin da ya taɓa ƙasa kawai yake nunawa, ba ya nuna tudun ƙafa, ta Baba kuwa ta sama ma a cike take. Ni da shumeka babu wanda ya yi wannan tunani.

Muna cikin gardamar yadda za a ƙara tudun da ƙiyasi, sai aka bugo mini waya daga gida. Baba ya koma gulbi. Dama bai taɓa dainawa ba, ɓoye mini ake yi. Da silifa yake zuwa, in ya isa gaɓa sai ya tuɓe kamar kowa, don a wurin masunta shiga ruwa da takalmi abin dariya ne, ba wanda ma yake kawo shi a ka. Wata tsohuwar ƙugiya da ke binne cikin laka ta shige shi a gindin ƙaramin yatsan hagu. Bai ji ba. Ya gama sunsa, ya dawo gida, ya ci abinci. Inna ce ta ga jini a tabarma. Aka wanke, aka sa maganin gida, aka ce kada a tayar mini da hankali. Ranar da aka ga dole a kira ni, yatsan ya riga ya yi baƙi.

An cire shi a asibiti a Birnin Kebbi. Da likitan ya fito ya ce mun yi sa'a abin bai hau sama ba, amma in aka sake, ba zai iya yi mana alkawarin ƙafar ba. Na zauna a kan benci a baranda raina a ɓace. Ina fushi da Baba, ina fushi da Inna, ina fushi da wannan kunya da ta hana ni kama ƙafar mahaifina in auna. Tsoro kuma ya fi fushin yawa. Na san halin Baba, in aka yanke ƙafar nan ba zai daɗe a bayanta ba.

Raunin ya ɗauki lokaci kafin ya rufe. Aka mayar da Baba gida da sharaɗin ya manta da gulbi. Duk ƙarshen mako in na je, a zaure nake samunsa zaune da rediyo, rediyon yana ta magana shi hankalinsa na wani wuri. Abokansa suna wucewa da homa a kafaɗa da gora a ka, su yi sallama, ya amsa, ya bi su da ido har su sha kwana. Ya rame, abinci ma sai Inna ta yi ta lallashi. Wata ranar Asabar na leƙa na ga ya jawo homarsa, ragar da yake kamun kifi da ita, yana ɗinke inda ta yage. Mutumin da aka ce ya manta da ruwa ke nan. Nan na gane ashe ina ta wahala ne a kan takalmin da ba shi ake bukata ba. Takalmin tattaki a kan titi ba zai tsare komai ba, don ko an yarda ko ba a yarda ba, Baba gulbi zai koma. Wanda zai shiga ruwan da shi ake so, kuma wannan karon ba zan yi da ƙiyasi ba.

Washegari da hantsi na ari tef ɗin awo wurin wata maƙwabciyarmu tela, na ɗauki takarda da biro, na shiga zaure. Na yi sallama na durƙusa a gabansa, kusa fiye da yadda na taɓa yi. Inna ta biyo ni ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, ƙahwa nika so in auna."

Ya dubi bango. "Ki ce ma ɗiyakki ta tashi."

"Ga ta nan gabanka," in ji Inna, "hwaɗa mata da kanka."

"Ba ni tashi," na ce. "Na san gulbi za ka koma, kuma ban zaka in hana ka ba. Amma in ka koma hakanan, likita ya ce ƙahwa za a yanke. Ni ba awon kabari nika yi ba, na takalmi na, wanda za ka shiga ruwa da shi. Ko ka ba ni, ko in wuni nan durƙushe."

A rediyo wani yana bayani kan takin zamani. Gwiwoyina suka fara zafi a kan daɓe, na ƙudurta ko magariba za a kai ina nan. Wani ya yi sallama daga waje, Baba ya amsa ya ce yana zuwa, bai motsa ba. Can sai ya ƙara wa rediyon murya, ya juya fuskarsa gaba ɗaya wajen ƙofa, ya miƙo ƙafar hagu, mai yatsu huɗun.

"Ki ce mata ta yi maza," ya ce wa Inna.

Na tallafe ta da hannu biyu. Ta fi yadda nake zato nauyi, kuma sanyi gare ta. Ga faso a dunduniya, ga tabon ɗinki a inda yatsan yake a da. Na zagaya tef a kan tudun, na zagaya a gindin yatsu da idon sawu, ina rubutawa, hawaye suna ɗiga ina kawar da takardar kada ta jiƙe. Na san bai ji hannuna ba, ƙafar ba ta jin komai, ni kaɗai nake ji. Da na gama, da kansa ya miƙo ta dama.

Kafin in bar gari na roƙi Inna wata tsohuwar raga da ta gama aiki tana rataye a rumbu. A Badariya na zube wa shumeka kayana a gindin dogon yaro: ragar, da tsohuwar tayar babur, da rigar 'yan wasan makarantarmu mai ruwan ɗorawa wadda aka daina sawa, da ragowar soson gwanjo.

"Malama," ya ce, "takalmi za mu yi ko tarkon kihi?"

Na yi masa bayani dalla-dalla. Saman raga ce ninki-ninki, ruwa ya shiga ya fita abinsa. Ta ciki a shimfiɗa yadin rigar nan mai laushi, kada ragar ta taɓa fata. Ƙasa taya ce saboda ƙugiya da ƙaya, soso a kanta. A na hagu kuma, gurbin yatsan da aka cire a cike shi da soso, don sauran kada su riƙa zamewa. Ya yarda da duka, sai dai ya nace a huda ƙasan don ruwa ya fi saurin zuba. Na ce inda ruwa ya fita nan ƙaya za ta shiga, a huda ta gefe. Ya ce shekarunsa a aikin takalmi sun fi shekaruna a duniya, na ce ƙafar ubana ce. Mun kwana biyu in na wuce gaisuwa kawai ke haɗa mu, daga baya na zo na tarar ya huda ta gefe bai ce komai ba.

Bayan takalmin ne ya fi ba ni wahala. Ba na son igiya, kuma na san ko me na ɗinka sai an take shi, don haka nake neman abin da in an take shi ba zai yi ƙulli ba. Na sayo fatar akuya mai laushi wurin dukawa, muka gwada. Na jiƙa ta a bokiti na shanya, ta ƙandare har tana iya yanka mutum. Na gwada yadi zalla, ya ƙi tsayuwa. Shumeka ne wata safiya ya kira ni tun daga nesa, yana ɗaga wani yankin robar cikin taya. Ya yanka ta da faɗi, muka lulluɓe ta da yadi, muka ɗinka mata ɗan maɗauki a sama. In an taka ta sai ta kwanta shafe, babu tudu babu ƙulli. In an sa yatsa a maɗaukin an ja, sai ta miƙe ta kama dunduniya. Ke nan in za shi masallaci silifa ne, in za shi ruwa kambas ne. Ya yi mako yana yi mini gorin wannan dabara, na ƙyale shi don ya cancanta.

Ban yarda in kai Argungu ba sai na gwada da kaina. Damina ta riga ta sauka, bayan filin makarantarmu ruwa ya kwanta ya yi taɓo. Na sa safa kan safa har takalmin ya kama ni, na tattare zane na shiga. Ɗalibaina suka cika tagogi suna dariya, shugabar makaranta ma sai da ta leƙo. Ban yi nisa ba laka ta tsotse na dama, na fito da safa kawai, sai da na sa hannu na lalubo shi. Muka ƙara wata robar mai faɗi a kan tudun ƙafa. Na sake shiga, wannan karon ya fito tare da ni, ruwa yana tsiyaya ta gefe yadda nake so.

Daga nan na kai wa wata nas da ke wanke wa masu suga rauni. Ta zura hannu ciki tana shafawa a hankali, ta tsaya daidai wurin babban yatsa. Ta ce ga wani ɗinki nan ya taso, kuma shi kaɗai ya isa ya ɓare fata a wuni ɗaya. Na koma na ce a farke, a mayar da kowane ɗinki ta waje. Shumeka ya ce ɗinki a waje aikin ɗan koyo ne, duk wanda ya gani zai ce bai iya ba. Na ce in an tambaya zan ce ni na ɗinka. Ya yi tsaki, ya ɗauki basilla.

Ba zan ce takalmin yana da kyau ba. Kore ne saboda ragar, ruwan ɗorawa yana leƙowa ta idanunta, ƙasan baƙi da zanen taya, bakin a baje, ɗinki duk a waje. Amma da na ɗauki hotonsa na jera shi da waɗancan na cikin waya, wallahi bai fi su muni ba.

Inna ce ta kai wa Baba takalmin ɗaki. Ina tsakar gida sai ga shi ya fito da shi a ƙafa. Ya taka zuwa bakin rijiya ya dawo, ya tsaya yana motsa yatsu a ciki. Da aka kira la'asar ya take bayan ya tafi masallaci. Labarin da ya dawo da shi, ta bakin Inna, shi ne abokansa sun raɗa wa takalmin suna agwagwa, wani kuma ya ce ko ba komai ya huta da ɓarayin ƙofar masallaci. Na durƙusa na duba ƙafafun, babu inda ya yi ja, babu inda ya goge. Wannan karon ba a yi doguwar magana ba, rediyo kawai Baba ya kunna ya miƙo su.

Na koma wurin likita da takalmin a leda. Ya jujjuya shi, ya ce shi dai da son samu ne, da Baba ya haƙura da ruwa. Amma tunda ba zai haƙura ba, to kada ya daɗe a ciki, in ya fito a wanke ƙafar da ruwa mai tsabta, a tsane tsakanin yatsu, a duba kowane lungu. Na kai saƙon, Inna ta maimaita masa a gabana. Bai ce ya ji ba, bai ce bai ji ba. Wannan shirun ne ya hana ni sukuni. Sa takalmin zuwa masallaci abu ne mai sauƙi, an yi dariya an wuce. Shiga gulbi da shi a gaban mutanen da suka tashi tare cikin ruwan nan, wannan babu robar da za ta yi masa shi.

Da safe, rana ta ɗan ɗaga, ya ɗauki homa da gora ya fita. Ban nemi izinin kowa ba. Na sa hijabi, na ɗauki tawul da 'yar jarkar ruwa, na bi shi daga nesa. Muka ratsa ta bayan gari, muka bi kunyoyin shinkafa, yana tafe bayan takalmin a take, yana ɗan ɗingishi ta hagu. Bai waiwayo ba, amma na san ya san ina biye.

A gaɓa silifan masunta suna jere a kan yashi, masu su wasu sun riga sun shiga. Da suka hango shi suka yi ta yi masa barka da fitowa, yana amsawa. Ya isa bakin ruwa ya tsaya. Ina kallo ƙafarsa ta hagu ta zame ta fito daga takalmin, yadda ta saba tun kafin a haife ni. Ba na jin ma ya san ta fito. Na buɗe baki na rufe, don ba zan ɗaga wa mahaifina murya a gaban maza ba. Sai na ajiye jarka na tattare zanena. Na riga na gama shawara, in ya taka ruwan nan haka, zan kwashi takalman in bi shi ciki, kowa ya faɗi abin da zai faɗa.

Ya tsaya da ƙafar a kan yashi. Ya sunkuyar da kai yana kallonta, yatsu huɗu da tabo. Ya daɗe a haka. Sannan ya sauke gora, ya duƙa ya kakkaɓe yashin da hannu, ya mayar da ita ciki. Ya sa yatsa a maɗauki ya ja, robar ta hau dunduniya. Ya yi wa ta dama haka. Ya ɗauki goransa ya taka cikin ruwa.

"Malam," wani tsoho ya ce daga cikin gulbi, "ka mance da takalma ga ƙahwa."

Aka yi dariya, har da waɗanda ke can nesa.

"Ban mance ba," in ji Baba.

Ya ci gaba da shiga. Ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai ƙugu, ya kifa cikinsa a kan gora ya ware homa ya bi sahun sauran. Na saki zanena. Na nemi wuri a gaɓa kusa da silifan mutane na zauna, na jawo jarkar kusa da ni, na ɗora tawul a cinya, ina jiran ya fito in duba.